MAGANIN ANTIBIYOTIK GA KARE: A AUNA, A TAMBAYI LIKITAN DABBOBI

Ƴan uwa manoma da makiyaya, darasinmu na wannan karo a kan kare yake. Kare yana yi mana aiki dare da rana. Shi ke gadin gida da rumbu. Shi ke tsaron garka. Shi ke bin garke zuwa daji, ya kori dila da kura. Mafarauci ma ba ya fita sai da shi.

Amma idan kare ya kamu da ciwo, kaɗan ne daga cikinmu ke kai shi wurin likitan dabbobi. Abin da aka saba shi ne a je kasuwa, a sayi kafso biyu ko uku wurin mai talla, a tura masa cikin tuwo. Wani kuma ya ɗauko ragowar allurar shanu ya yi masa. Wani ya fasa kafso ya barbaɗa garin a kan miki. Sau da yawa karen ba ya warkewa. Wani lokaci ma maganin ne ke ƙarasa shi.

Irin wannan magani sunansa antibiyotik. Yana da amfani ƙwarai, amma yana da doka. Wanda ya karya dokar zai cuci karensa, kuma zai iya cutar da iyalinsa bai sani ba. Mu karanta a hankali mu ga dalili.

Mene ne antibiyotik?

Akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani sai da madubin likita. Suna cikin ƙasa da ruwa, suna kan fatarmu, suna cikin hanjinmu. Ana kiran su bakteri. Da yawa daga cikinsu ba su cutarwa, wasu ma suna taimakon jiki wajen narkar da abinci. Amma akwai miyagu. Su ne ke sa miki ya yi mugunya, su ne ke kawo wasu ciwace-ciwacen huhu, na fata, na kunne da na mafitsara.

Antibiyotik magani ne da ke kashe bakteri ko ya hana su haihuwa. Wani masani mai suna Alekzanda Filemin ya gano na farko a birnin Landan, ƙasar Ingila, a shekarar 1928. Ya lura wata fumfuna ta hana bakteri tsirowa kusa da ita. Daga wannan fumfuna aka samo penisilin. Yau antibiyotik iri-iri ne. Waɗanda muka fi gani su ne amoksisilin, ampisilin, tetarasikilin, doksisikilin, kotirimokzazol da metoronidazol. Kafso mai ja da rawaya da ake sayarwa a kasuwanninmu yawanci tetarasikilin ne.

Kowane iri yana da bakterin da yake iya kashewa. Wanda ya dace da ciwon fata ba lalle ya dace da ciwon mafitsara ba. Kamar mabuɗi ne: kowane da kwaɗonsa.

Cututtukan da antibiyotik ba ya warkarwa

Ba kowace cuta bakteri ke kawo ta ba. Ga wasu da antibiyotik ba ya kashe tushensu:

1. Haukan kare. Wata halitta ce da ta fi bakteri ƙanƙanta ke kawo shi, ana kiran ta birus. Babu antibiyotik da ke taɓa birus.

2. Gudawar jini ta ƴan kwikwiyo, mai haɗe da amai da wari. Sau da yawa birus ce ke kawo ta. Rashin ruwa a jiki ne ke saurin kashe ɗan kwikwiyo. Babban aikin likita shi ne ƙarin ruwa. Idan ya haɗa da antibiyotik, don ya tare bakterin da ke biyo baya ne.

3. Tsutsar ciki. Tana da nata magani daban.

4. Ƙazwa, kaska da ƙuma. Su ma da nasu magani.

5. Guba, yunwa, karaya da ƙashin da ya maƙale a hanji.

Ko cututtukan da kaska ke sa wa kare ba iri ɗaya ba ne. Akwai wadda ke kawo zazzaɓi, rama da haɓo. Ita bakteri ce, kuma likitoci suna ba da doksisikilin har kwana 28 kafin ta fita. Akwai wata da ke fasa jini, dasashi ya yi fari, fitsari ya yi ja. Ita kuma allurarta daban ce. A ido suna kama da juna. Sai an duba jini ake rarrabe su. Mai tallar magani a kasuwa bai ga karen ba, balle ya duba jininsa. To, ta yaya zai san abin da ya dace?

Awon magani yana bin nauyin kare

Idan muka dubi kwalin magani, za mu ga lamba da haruffa biyu: mg. Ma'anarsu miligaram. Miligaram 1.000 su ne garam guda. Garam 1.000 su ne kilo guda. Idan an rubuta 500 mg, ƙwaya guda tana ɗauke da miligaram 500 na magani.

Likita ba ya cewa «ƙwaya ɗaya ga kowane kare». Yana lissafi ne da kilo. Kowane kilo na jikin kare yana da rabonsa na magani. Dalili shi ne, magani yana shiga jini ya bazu cikin jiki duka. Mu tuna da gishiri: wanda ya ishi babbar tukunyar biki zai ɓata miyar mutum biyu, wanda ya ishi miyar mutum biyu kuwa ba za a ji shi cikin babbar tukunya ba.

Karnukanmu ba nauyinsu ɗaya ba. Dogon karen Azawak, wanda makiyayan arewacin Tawa ke kiwo, namiji yana kai kilo 20 zuwa 25, mace kilo 15 zuwa 20. Ɗan kwikwiyo kuwa bai fi ƴan kilo kaɗan ba.

Ga misali don koyon lissafi. A ce likita ya duba kare, ya rubuta amoksisilin, miligaram 10 ga kowane kilo, sau biyu a rana.

Kare mai kilo 20: 20 x 10 = 200. Zai sha miligaram 200 da safe, 200 da dare.

Ɗan kwikwiyo mai kilo 5: 5 x 10 = 50. Zai sha miligaram 50 da safe, 50 da dare.

Yanzu mu dubi kafso na manyan mutane mai miligaram 500. Idan muka ba ɗan kwikwiyon nan guda, mun ba shi awonsa har sau 10 a tashi ɗaya.

Mu kula sosai: wannan lamba 10 ta misalin nan ce kawai. Kowane magani da lambarsa. Ko magani guda ma, likita yakan ƙara ko ya rage bisa ga irin cutar. Kada mu ɗauki lambar wani magani mu yi aiki da ita a kan wani.

Yadda za mu auna kare

Ƙiyasi da ido yana ruɗi. Gashi da tsayin ƙafa suna sa a ga kare ya fi nauyinsa. Ga dabara biyu:

Ta farko. Mutum ya hau ma'aunin ƙasa shi kaɗai, a rubuta nauyinsa. Sai ya rungumi karen ya sake hawa, a rubuta. A cire na farko daga na biyu. Misali: mutum da kare kilo 80, mutum shi kaɗai kilo 62. Karen yana da kilo 18.

Ta biyu. Idan ƙaramin kare ne, a sa shi cikin buhu ko kwando, kansa a waje. A rataya a ma'aunin da ake auna wake ko albasa. A cire nauyin kwandon.

Ɗan kwikwiyo yana girma da sauri. Nauyinsa na watan jiya ba shi ne na yau ba. Sai a sake aunawa duk lokacin da za a ba shi magani.

Lokaci da yawan kwanaki

Magani ba ya zama cikin jini har abada. Hanta da ƙoda suna fitar da shi kaɗan-kaɗan. Shi ya sa ake maimaitawa. Idan likita ya ce sau biyu a rana, yana nufin awa 12 tsakani, kamar ƙarfe 7 na safe da ƙarfe 7 na dare. Idan ya ce sau uku, awa 8 tsakani. Ba a haɗa na safe da na dare a ba da su gaba ɗaya don a huta.

Idan mun manta, mu ba da shi da zarar mun tuna. Idan lokacin na gaba ya kusa, mu bar wanda ya wuce. Kada mu ninka.

Yawan kwanaki ma likita ke yanke shi. Wata cuta kwana 5 ko 7 sun isa. Ciwon fata mai zurfi yakan ɗauki makonni. Bayan kwana biyu ko uku kare yakan tashi ya fara cin abinci, mai shi ya ce ya warke, ya ajiye sauran magani. Wannan kuskure ne. Alamar ciwo ce ta tafi, amma sauran bakteri suna nan. Manomin da ya yi noman farko ya bar maimai ya san abin da haki ke yi wa gona. Kada mu tsayar da magani da kanmu, kada kuma mu ƙara kwanaki da kanmu. Mu cika abin da aka rubuta.

Ga dabara mai sauƙi: mu zana gidaje a takarda, biyu ga kowace rana. Duk lokacin da kare ya haɗiye magani, mu ja layi cikin gida guda. Haka kowa a gida zai san an ba shi ko ba a ba shi ba.

Abinci ma yana da nasa hukunci. Karnukan rugga da yawa nono da fura suke sha. Nono yana kama tetarasikilin cikin hanji, ya hana shi shiga jini. Wanda ya dama kafso cikin nono ya yi asarar kuɗinsa. Wasu magungunan kuma sun fi kyau tare da abinci, don kada su tayar da amai. Mu tambayi likita wanne ne namu.

Abin da maganin da bai dace ba ke yi wa kare

Antibiyotik da ya wuce awo yakan kawo amai, gudawa da ƙin abinci, domin yana kashe har bakteri masu amfani da ke cikin hanji. Wasu kuma ɓarnarsu ta fi haka:

Tetarasikilin yana ɓata haƙoran ɗan kwikwiyo, su yi rawaya, su yi rauni. Ba a ba karya mai ciki. Wanda ya tsufa ya lalace yana iya ɓata ƙoda.

Janatamisin da sitireptomisin, waɗanda allura ce, suna iya ɓata ƙoda, su kurmantar da kare. Haɗarin ya fi yawa ga karen da ruwan jikinsa ya ƙare saboda gudawa ko zafin bazara.

Enrofuloksasin, wanda ake yawan ba kaji, yana ɓata guringuntsin gaɓoɓin karen da bai gama girma ba, ya bar shi da ɗingishi.

Metoronidazol idan ya yi yawa yana taɓa ƙwaƙwalwa. Kare ya riƙa tangaɗi, idanunsa na rawa, har ya faɗi yana shure-shure.

Kotirimokzazol idan an daɗe ana ba da shi yana iya busar da hawayen kare, idanu su lalace.

Sai allurar shanu. Kwalbar oksitetarasikilin mai dogon aiki, wadda makiyaya suka sani, tana da miligaram 200 cikin kowane mililita. An yi ta ne don shanu, tumaki da awaki. Tana da ƙarfi da zafi. A jikin kare tana kawo kumburi mai ciwo inda aka soka ta, kuma da wuya a auna ɗan abin da bai wuce ƙarfinsa ba. Idan ta shiga jiki, ba ta fitowa sai ta gama kwanakinta.

Akwai kuma magungunan ciwon jiki na mutane, irin su ibuporofen da dikulofenak. Su ba antibiyotik ba ne, amma ana yawan haɗa su da shi. Ga kare guba ne: suna huda ciki, su kashe ƙoda. Parasetamol ma yana ɓata hantar kare idan ya wuce awo. Kada mu ba da ko ɗaya da kanmu.

Wani karen jininsa bai karɓar wani magani ko da awon daidai ne. Idan muka ga fuska ta kumbura, ko jiki ya yi ruɗu-ruɗu, ko numfashi ya yi wuya, mu tsayar da maganin nan take, mu nemi likita da gaggawa.

Abin da ƙarancin awo ke jawowa

Wani zai ce: «To, bari in ba shi kaɗan don kada ya cutu.» Wannan ma haɗari ne, kuma haɗarinsa ya wuce kan kare.

Idan magani bai kai awo ba, raunanan bakteri ne kawai ke mutuwa. Masu ƙarfi su tsira, su haihu. Bakteri guda tana iya rabuwa biyu cikin minti 20. Kafin kwana guda sun cika wurin. Waɗannan sababbi maganin ba ya jin su. Gobe ko an ba da cikakken awo, ba zai yi aiki ba. Filemin da kansa ya yi gargaɗi a kan haka a shekarar 1945.

Ina ruwanmu da bakterin kare? Ruwanmu ne ƙwarai. Kare yana kashi a tsakar gida. Yana lasar kwano. Yara suna wasa da shi, su ci abinci ba su wanke hannu ba. Ƙuda yana tashi daga kashin ya sauka a kan fura. Ta haka bakteri masu taurin kai ke ratsowa daga dabba zuwa mutum. Kuma magungunan iri ɗaya ne: amoksisilin da muka yi wasa da shi a kan kare, shi ne ake ba yaronmu idan ciwon huhu ya kama shi.

Wani babban bincike da aka buga a shekarar 2022 ya nuna cewa a shekarar 2019 kaɗai, mutane wajen miliyan 1 da dubu 270 sun mutu a duniya saboda bakterin da magani ya daina ji. Idan aka kwatanta da yawan jama'a, yankinmu na Afirka ta Yamma ne ya fi kowane yanki asara. Don haka kowace shekara, daga 18 zuwa 24 ga watan Nuwamba, ana mako guda na faɗakarwa a kan wannan matsala a duniya duka. Maganar ba ta nesa ba ce, ta cikin gidanmu ce.

Maganin kasuwa

Maganin da ke yawo bisa tire ko bayan keke yana shan rana da ƙura. Yawancin magunguna ana so a ajiye su inda zafi bai wuce digiri 25 ko 30 ba. A ƙasarmu, cikin watannin Afrilu da Mayu, zafi yakan wuce digiri 40. Ƙarfin magani yana raguwa, ko da launinsa bai sake ba.

Akwai kuma na jabu. A shekarar 2017 Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta bayyana cewa a ƙasashe masu tasowa, magani 1 cikin 10 jabu ne ko maras inganci. Mu ma mun taɓa gani: a shekarar 1995, lokacin annobar sanƙarau a Nijar, an gano allurar rigakafi ta jabu wadda babu magani cikinta. Kafso da aka rubuta 250 mg a kansa yana iya zama rabin haka ne a ciki, ko gari kawai. Komai kyan lissafinmu, idan maganin ƙarya ne, aikin banza muka yi. Araha ba ta ado.

Mu sayi magani a farmasi ko a kantin maganin dabbobi mai izinin hukuma. Mu karanta abu uku a jikin kwali: sunan magani, yawan mg, da ranar ƙarewar aikinsa. Yawanci ana rubuta haruffa EXP, sai wata da shekara. Idan an rubuta EXP 08/2027, maganin ya ƙare aiki a ƙarshen wata na 8 na shekarar 2027. Ga amfanin karatu nan: wanda ya iya karanta kwali ba a sayar masa da mataccen magani.

Me ya sa sai likitan dabbobi?

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Mun koyi lissafi a sama, amma lissafi shi ne mataki na ƙarshe. Kafin a kai gare shi akwai tambayoyin da likita ne ke da amsarsu. Wace cuta ce? Tana bukatar antibiyotik ko kuwa? Wane iri? Ƙwaya ko allura? Ƙodar karen da hantarsa za su iya ɗauka?

Wani ciwon ma magani kaɗai ba ya isa. Ƙurji mai mugunya sai an tsaga an wanke. Karyar da mahaifarta ta cika da mugunya, wata ɗaya ko biyu bayan lokacin barbara, takan yi ta shan ruwa, ta ƙi abinci. Irin wannan aikin tiyata take bukata. Idan aka tsaya ba ta kafso, mahaifar tana iya fashewa ta mutu.

Ina za mu same shi? Akwai ma'aikatan kiwo na gwamnati a jihohi da gundumomi. Akwai likitocin dabbobi masu zaman kansu, tare da mataimakansu da aka horar a ƙauyuka. An fara wannan tsari a Dakwaro, jihar Maraɗi, a shekarar 2003, daga baya ya bazu zuwa wasu wurare. A Yamai kuma akwai babban gidan binciken cututtukan dabbobi, LABOCEL. Mataimakin ƙauye idan abu ya fi ƙarfinsa, zai kira likitan da ke samansa. Mu rubuta lambar wayarsu mu ajiye tun kafin bukata ta taso.

Idan mun je, ko mun kira ta waya, mu gaya masa:

1. Shekarun karen da nauyinsa.
2. Ranar da ciwon ya fara, da abin da muka gani.
3. Yana ci? Yana sha? Yaya kashinsa da fitsarinsa?
4. Idan karya ce, tana da ciki ko tana shayarwa?
5. An yi masa rigakafi? Yaushe?
6. Ya ciji wani, ko wani kare ya cije shi?
7. Maganin da muka riga muka ba shi. Mu faɗi gaskiya, mu tafi da kwalin.

Kafin mu tashi, mu sa ya rubuta mana suna, awo, lokaci da yawan kwanaki. Mu karanta a gabansa. Abin da ba mu gane ba mu tambaya, matambayi ba ya ɓata. Idan bayan kwana 2 ko 3 babu sauƙi, mu koma. Kada mu sauya magani da kanmu.

Wani zai ce kuɗin likita sun yi yawa a kan kare. Mu yi lissafi: kuɗin kafso sau uku da bai yi aiki ba, da karen da ya mutu, da akuyar da dila ya ɗauke bayan mutuwarsa. Wanne ya fi tsada?

Abin da za mu iya yi kafin likita ya zo

Mu sa karen a inuwa, nesa da yara da sauran karnuka. Mu ajiye masa ruwa mai tsabta. Idan miki ne, mu tafasa ruwa rabin lita, mu zuba gishiri ƙaramin cokali guda, mu bari ya huce, mu wanke mikin da shi sau biyu a rana. Mu kare shi daga ƙuda don kada tsutsa ta shiga. Kada mu zuba baƙin mai, garin batir ko garin kafso. Mu binne kashinsa da amansa. Mu wanke hannu da sabuni.

Idan likita ya ba da ƙwaya, mu ɓoye ta cikin ɗan nama ko lomar tuwo. Mu tsaya mu ga ya haɗiye, domin kare yakan tofar a ɓoye. Mu ajiye magani inda hannun yara ba ya kai. Ragowa kuma a mayar wa likita, kada a ba wani kare ko wani mutum.

Babban gargaɗi: haukan kare

Idan kare ya sauya hali, yana dalalar miyau, bakinsa a buɗe, ya kasa haɗiya, ko yana cizon duk abin da ya gani, kada kowa ya sa hannu cikin bakinsa. Mutane sukan ce ƙashi ne ya maƙale, su sa hannu su ciro, ko su tura masa kafso. Ta haka miyau ke shiga ƙaramin rauni a hannu. A tsare karen idan ana iya yi ba tare da haɗari ba, a sanar da ma'aikatan kiwo nan da nan.

Wanda kare ya ciza ko ya yakusa, ya wanke wurin da ruwa da sabuni har minti 15, ya tafi gidan likita a ranar, ko da raunin ƙarami ne. Allurar rigakafi ce ke ceton rai. Antibiyotik ba ya hana haukan kare. Idan alamun cutar suka bayyana ga mutum, kusan babu mai tashi. OMS ta ƙiyasta mutane wajen 59.000 ke mutuwa da ita kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kuma da yawa yara ne.

Mu kai ɗan kwikwiyo rigakafin hauka idan ya kai wata 3, mu maimaita yadda likita ya tsara. Mu cire masa kaska, mu ba shi maganin tsutsa, mu ciyar da shi. Karen da ya samu wannan kulawa ba ya yawan bukatar antibiyotik. Rigakafi ya fi magani.

Abin tunawa

1. Antibiyotik bakteri kawai yake kashewa.
2. Likitan dabbobi ne ke zaɓen magani, ba mai talla ba.
3. A auna kare kafin a auna magani.
4. A kiyaye lokaci, a cika kwanaki.
5. Yawa yana cutar da kare. Ƙaranci yana cutar da gida duka.
6. Ba a sa hannu cikin bakin kare mai dalalar miyau.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Waɗanne cututtuka uku ne antibiyotik ba ya warkarwa?
2. Me ya sa ba a dama tetarasikilin cikin nono?
3. Ta wace hanya bakterin kare ke kaiwa ga yaranmu?
4. Wane ma'aikacin kiwo ne ya fi kusa da garinmu? Wace rana ake samun sa?

Lissafi

Mutum da karensa sun hau ma'auni, an samu kilo 85. Mutumin shi kaɗai kilo 70 ne. Likita ya rubuta miligaram 10 ga kowane kilo, sau biyu a rana, har kwana 7.

a) Kilo nawa ne karen?
b) Miligaram nawa zai sha a kowane lokaci?
c) Sau nawa za a ba shi magani daga farko zuwa ƙarshe?

Amsa: a) kilo 15. b) miligaram 150. c) sau 14.

Wanda ya karanta wannan darasi ya karanta wa maƙwabcinsa, musamman makiyaya da mafarauta.